Filin Masu Karatu: Kunnen da Aka Ƙera da Haske

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam, da fatan kuna lafiya, ya iyali? Ni ɗalibi ne a ajin ƙarshe a sashen Fiziks, kuma aikina na kammala karatu shi ne makirufo mai aiki da hasken lesa. Na ɗaure balan-balan a bakin gwangwanin madara, na manna guntun madubi a tsakiyarta, na haska shi da jar lesa irin ta nuni. Hasken da ya dawo yana faɗawa kan ƙaramin faifan sola da na ciro daga wata fitila, daga nan waya ta shiga kwamfuta. In aka yi magana kusa da gwangwanin ina jin muryar sarai. To amma malamina yana so in kama sautin kilohaz 40, wato kaɗawa 40,000 a sakan, wanda kunnen mutum ba ya ji, da ke fita daga na'urar auna nisa da sauti ta HC-SR04, kuma ko alamarsa ban gani ba. Abokaina sun ce in sayi koriyar lesa mai ƙarfi a kasuwa. Malam, ƙarfin hasken ne bai isa ba? Daga wani ɗalibi a Zariya.

AMSA: Wa alaikumus salam ɗana. Ka mayar da kuɗinka aljihu tukuna, hasken bai yi maka laifin komai ba. Na ji daɗin wasiƙarka matuƙa, domin abin da ka haɗa da gwangwanin madara jikan na'urar da Alexander Graham Bell da abokin aikinsa Charles Sumner Tainter suka gwada a birnin Washinton a 1880 ne. Su ma madubi mai rawa suka yi amfani da shi, sai dai hasken rana suka ɗora wa magana, ta yi tafiyar fiye da mita 200. Lesa ba ta zo duniya ba sai 1960, a hannun Theodore Maiman.

Sautin da kake nema yana mutuwa a wurare uku kafin ya iso gare ka, kuma wuri na farko shi ne balan-balan ɗin nan.

Akwai wani makaɗi da muka yi maƙwabtaka da shi shekaru, na sha zama ina kallonsa yana gyaran kalangu. In ya matse tsarkiya a hammata tantanin ya ɗame, murya ta haura. In ya saki ta sauko. Kowane tantani yana da muryar da yake so, gwargwadon ɗamewarsa da faɗinsa da nauyinsa. Naka mai laushi ne, mai faɗi, ga kuma madubi ka ɗora masa a ka. Muryar da yake so ba za ta wuce kaɗawa 'yan ɗaruruwa a sakan ba. Da zarar sauti ya haura wannan, nauyin tantanin ne ke mulki: duk lokacin da saurin kaɗawa ya ninka biyu, motsinsa ya koma kashi ɗaya cikin huɗu. Mu ƙaddara muryarsa kaɗawa 400 ce a sakan. Kai kuma 40,000 kake nema, ninki 100 ke nan, saboda haka motsin ya ragu sau 10,000. Ka ga ashe an riga an yi asarar a bakin gwangwani tun haske bai taɓa komai ba.

Wuri na biyu faifan sola ne. An yi shi don ya tara wuta a hankali cikin yini, ba don ya bi haske mai ƙiftawa sau dubbai a sakan ba. Ka nemi ƙaramin idon lantarki da ake kira fotodayod, irin BPW34, yana da araha. Amma shi ma in ka haɗa shi da babban rezisto kai tsaye zai yi nauyin jiki. Ma'ajiyar cajinsa wajen fikofarad 70 ce in ba a ba shi wuta ta baya ba, ka haɗa da rezisto mai om miliyan 1, ba zai bi abin da ya wuce kilohaz 2 da ɗoriya ba. Ka ba shi 'yan bolt ta baya, ka rage reziston, ka sa masa amfilifaya mai sauri.

Na uku kwamfutarka. Kafar makirufo ta yawancin kwamfutoci tana ɗanɗana sauti sau 44,100 ko 48,000 a sakan, kuma ƙa'ida ita ce sai ɗanɗanon ya haura ninki biyu na abin da ake son kamawa. Iyakarta kilohaz 24 ke nan. Ko da komai ya yi daidai a gaba, ƙofar nan a rufe take. Ka roƙi osiloskof, na'urar da ke zana sigina a allo, a ɗakin gwajinku, ko katin sauti mai ɗanɗano 192,000 a sakan. Akwai kuma dabarar masu bin jemagu: ka gauraya siginar da wata mai kilohaz 38, bambancin da zai fito kilohaz 2 ne, kunnenka zai ji shi kamar fito. Sannan ka sani HC-SR04 ba ta kuka a jere. Kaɗawa 8 kacal take saki ta yi shiru tana jiran amsa-kuwa. Ka cire bakinta da ke aika sautin, ka kaɗa shi da na'urar ba da sigina ta ɗakin gwaji don ya yi ta yi ba tsayawa.

Da ka gyara waɗannan ukun za ka ga wani abu a allo. Maimakon balan-balan, ka sami siririyar takardar ƙyalli, ka ɗame ta tamau a kan rami mai faɗin milimita 4 ko 5, ita ce tantani ita ce madubi. Amma tunda ka ce kai ɗalibin Fiziks ne, ba zan tsaya a nan ba, domin abin da ya fi burge ni a wannan fage shi ne makirufon da ba shi da tantani kwata-kwata.

Duk wanda ya bi hanyar Zariya zuwa Kano da tsakar rana a watan Afrilu ya ga kawalwalniya tana sheƙi a kan kwalta kamar ruwa. Iskar da ke dab da kwalta ta yi zafi ta saki jiki, wadda ke samanta ta fi ta cunkushewa, haske kuma ya fi jinkiri a cikin cunkusasshiyar iska, shi ya sa yake lanƙwasa. To shi sauti mene ne in ba iska ce ke matsewa tana saki ba? Ashe kowane sauti yana tafe da 'yar kawalwalniyarsa, sai dai ta yi ƙanƙantar da ido ba zai gani ba. Wanda ya iya auna jinkirin da haske ya yi a cikin iskar, ya ji sautin ba tare da komai ya motsa ba. Babu nauyin da zai ja da baya, babu muryar da na'urar ta fi so.

Ƙanƙantar fa ba ta wasa ba ce. Iska tana rage gudun haske da wajen kashi 27 cikin 100,000. Matsin iskar da muke ciki kuwa ya kai faskal 100,000, faskal shi ne ma'aunin matsi. Sauti mai matsin faskal 1, wato desibel 94, kwatankwacin tsayuwa kusa da injin niƙa, yana canja wancan jinkirin da kashi 2 cikin biliyan kawai. In hasken ya ratsa tazarar milimita 2, kamar an ƙara masa tafiyar da ba ta kai kashi 1 cikin 20 na faɗin ƙwayar zarra guda ba. Hirar mutum biyu a zaure kuma ta gaza wannan sau 50. Abin da ake son aunawa ke nan.

Yadda ake yi shi ne a haɗa haske da ɗan'uwansa. In taguwar haske biyu suka haɗu tudu a kan tudu, haske ya ƙaru. In tudu ya faɗa kwari, su kashe juna. Ɗan jinkiri kaɗan a ɗayansu sai ya bayyana a matsayin ƙaruwa ko raguwar haske, wannan kuwa fotodayod na iya gani. Wasu Faransawa biyu, Charles Fabry da Alfred Perot, su suka fito da tsarin da ya fi dacewa da wannan aiki a ƙarshen ƙarni na 19: madubai biyu suna fuskantar juna, kowanne yana barin ɗan haske ya wuce. Hasken da ya shiga tsakaninsu ba ya fita nan take, sai ya yi ta kai da komowa. Madubin da ke mayar da kashi 90 cikin 100 yana riƙe haske ya yi zirga-zirga wajen sau 10. Mai mayar da kashi 99 wajen sau 100. A kowace tafiya hasken yana sake ɗaukar jinkirin nan yana tarawa, tazarar milimita 2 ta yi aikin doguwar hanya. Babbar hanyar ƙara kaifin ji ke nan, kuma ka lura ingancin madubi ne ya kawo ta, ba ƙarfin fitila ba.

Wani kamfani a birnin Biyana na ƙasar Ostiriya, XARION, wanda Balthasar Fischer ya kafa a 2012, ya mayar da wannan tunani kayan sayarwa. Kan makirufon nasu ɗan mitsitsi ne a bakin zaren gilashi, madubai biyu da tazarar wajen milimita 2, haske mai zangon nanomita 1550 irin na layukan intanet. Fischer ya bayyana shi a mujallar Nature Photonics a 2016, yana ji daga kaɗawa 10 a sakan har zuwa miliyan 1 a cikin iska. Ka kwatanta da makirufon awo mafi ƙanƙanta na gargajiya, mai faɗin kashi 1 cikin 8 na inci, wanda ke tsayawa a wajen kilohaz 140. Masana'antu suna amfani da irin wannan wajen sauraron walda da duba ɓoyayyen tsagu a jikin kayan jirgin sama ba tare da an taɓa su ba. Wannan tsari na madubai biyu shi ne kuma a cikin LIGO, wata katafariyar na'urar awo da lesa ta Amurka, mai hannaye masu tsawon kilomita 4, wadda ta kama girgizar sararin samaniya ranar 14 ga Satumba 2015.

Mai karatu zai ce, to a tsawaita tazarar mana, a yi ta taku guda. A nan ne siririn sauti, wato wanda ya wuce jin kunne, ke da nasa sharaɗi. Masu sauraron rediyo sun san gajeren zango, to sauti ma yana da zango. Gudunsa a iska wajen mita 343 ne a sakan. Raba wannan da 40,000, zangon sautinka milimita 8.6 ne, rabinsa matsi rabinsa saki. A megahaz 1, wato kaɗawa miliyan 1 a sakan, zangon ya koma kashi 1 cikin 3 na milimita. In hasken ya bi ta cikin matsi sannan ya bi ta cikin saki, abin da ya samu a nan ya zubar a can, ya fito hannu rabbana. Dole hasken ya zama siriri, ya gaza zangon sautin kauri, kuma sautin ya buge shi ta gefe yadda duk tsawonsa zai shiga matsi lokaci guda. Shi ya sa ake gajarta hanya a yawaita zirga-zirga.

Yawan zirga-zirgar ma yana da kuɗinsa. Iya yadda madubai suka yi kyau, iya yadda wurin da na'urar ke ji ya ƙuntata, kamar tashar rediyo mai wuyar kamu da in ka ɗan gusa allura ta ɓace. Zafi kuwa babban mai gusar da allura ne. Canjin digiri 1 a zafin iska yana taɓa jinkirin haske da wajen kashi 1 cikin miliyan, daidai da aikin sauti mai faskal 500. Ka tuna yadda ɗaki mai rufin kwano ke sauyawa daga asuba zuwa azahar a lokacin hunturu. Sa'ar da aka yi ita ce zafi a hankali yake tafiya, sautin kuwa da gudu. Sai a sa wata da'irar lantarki tana bin canjin a sannu tana gyara launin lesar don ta zauna a wurin da na'urar ta fi ji, ta ƙyale mai saurin ya wuce a auna shi. Fitacciyar hanyar ɗaure lesa da madubai ana kiranta da sunan mutum uku, Pound da Drever da Hall, an wallafa ta a 1983.

Yanzu mu dawo kan shawarar abokanka. Kaifin ji ba girman sigina ba ne shi kaɗai, tazarar da ke tsakaninta da hayaniyar da take zaune a ciki ce. Haske ba zuba yake yi kamar mai ba, ɗigo-ɗigo yake sauka. Ka saurari yayyafi a kan kwano, tas, tas, ba tsari. In ruwa ya kece sai ƙarar ta daidaita ta zama shuu, amma rashin tsarin bai tafi ba, ya dai ragu in an gwada da yawan ruwan. Walter Schottky ya bayyana wannan hayaniya a 1918, kuma lissafinta ba ya sassauci: sai ka ninka haske sau 4 kafin kaifin ji ya ninka 2. Daga lesarka mai miliwat 1 zuwa mai miliwat 100, ribar ba za ta wuce ninki 10 ba, shi ma sai in ka riga ka kashe duk sauran hayaniya. Kai da ka yi asarar 10,000 a tantani, me ninki 10 zai tsinana maka? Ga shi kuma korayen lesa na kasuwa haskensu rawa yake yi, da yawansu ƙarfinsu ya zarce abin da aka rubuta a jiki, wasu suna fitar da wani hasken da ido ba ya gani. Miliwat 100 da ya dawo daga madubi yana iya ƙona bayan ido kafin ka ƙifta, kuma wannan tabo ba ya warkewa. Ina roƙonka, kada ka wuce miliwat 1 a ɗakin da wasu ke shiga. Kada kuma ka kunna lesar da ke cikin na'urar buga faifan DVD.

Abin da zai ba ka riba ta gaske ba shi da tsada. Rawar hasken lesa ana kashe ta da ido biyu: ka raba hasken gida biyu, kowanne ya faɗa kan fotodayod ɗinsa, ka debe ɗaya daga ɗaya. Rawar fitila ta shiga duka biyun daidai, sai ta fice. Sautin kuwa yana ƙara wa ɗaya ya rage wa ɗaya, sai ya tsira. Sannan tunda ka san muryar da kake nema, ka tace. In ka ƙuntata ƙofar sauraro daga faɗin 10,000 zuwa 100 a kewayen kilohaz 40, hayaniya ta ragu sau 10, daidai ribar waccan lesa mai haɗari. In ka maimaita awo sau 100 ka ɗauki matsakaici, wani ninki 10 ne. Teburin kuma ka raba shi da ƙasa: faranti mai nauyi a kan tiren yashi, tiren a kan tif ɗin taya da aka ɗan hura wa iska. Ka matso da bakin sautin kusa, domin iska cin siririn sauti take yi. A kilohaz 40 tana cin fiye da desibel 1 a kowace mita, a megahaz 1 kuwa wajen 160.

Akwai wata hayaniya da nake so ka kiyaye ƙwarai, domin ta taɓa cinye mini mako uku. Shekarun baya ina taya wasu ɗalibai irin wannan aiki, muka ga sigina kyakkyawa a kusa da kilohaz 40, muka yi murna har aka fara rubuta sakamako. Abin da ya dame ni shi ne ko mun matsar da bakin sautin nesa ba ta raguwa yadda ya kamata. Muka canja waya, muka canja amfilifaya. Wata rana da yamma aka ɗauke wuta, muka ci gaba da batir, sigina ta ɓace ɗungum. Ashe ƙwan fitilar nan mai murɗaɗɗen gilashi da ke saman teburin ne. Irin waɗannan ƙwayaye, da inbata, da cajar waya, duk suna kunnawa da kashewa sau dubu gommai a sakan, daidai unguwar da kake farauta. Tun daga ranar na ɗauki al'ada guda: kafin in yarda da kowace sigina sai na sa kwali tsakanin bakin sautin da makirufo. In ta mutu, sauti ce. In ta zauna, sai in tare hasken lesar da hannu. In har yanzu tana nan, ta waya ta shigo. Ka yi aikinka da batir, fitilu a kashe, wayoyi gajeru masu sulke.

In sashenku yana da lesar hiliyom da niyon, mai jan haske na nanomita 632.8, da na'urar Michelson, mai raba haske hannu biyu ta sake haɗa shi, da ake koyar da ɗalibai da ita, to ka gwada marar tantanin. Ka sa bakin sautin a gefen hannu ɗaya na hasken, dab da shi. Matsin a wurin yana kai faskal 10 ko fiye, kuma da tacewar da na faɗa maka ana iya ganinsa. Ranar da ka ga layin ya tashi a allo alhali babu abin da ke motsi sai iska, za ka gane dalilin da ya sa na ƙi barin wannan fage.

Ƙarshen hanyar shi ne inda iskar kanta ke surutu. Ƙwayoyinta ba sa zama, kullum karo suke yi, kuma wannan karon hayaniya ce da ba a kashewa. A 2019 masu bincike a Jami'ar Queensland ta Ostireliya, a ɗakin gwajin Warwick Bowen, suka wallafa wata na'ura a Nature Communications. Sun dawo da abu mai motsi, amma ɗan faifan gilashi ne mitsitsi a kan guntun silikon, haske yana zagaya gefensa. Sun haɗa riba biyu, amon faifan, wato rawarsa a muryar da yake so, da zirga-zirgar haske, har suka kai inda karon ƙwayoyin iska ne ya fi kowace hayaniya. A ganina babu wanda ya fi wani tsakanin hanyoyin biyu. Mai amo ya fi kaifi a muryar da yake so, amma yana ci gaba da rawa bayan kiɗa ya tsaya. Marar tantani bai kai shi kaifi a wuri guda ba, amma yana faɗin gaskiyar sautin daga ƙasa har sama. Kai da murya ɗaya kake nema, amo abokinka ne.

In na'urar ta tashi, ka karkaɗa tarin makullai a gabanta, suna fitar da siririn sauti mai yawa. Daga nan ka fita da ita da magariba. Manyan jemagun da ke rataye a bishiyoyi suna cin 'ya'yan itace yawanci da ido da hanci suke aiki, ƙananan nan da ke fitowa daga rufin ɗaki suna cafkar ƙwari su ne masu kukan. Tun shekarun 1790 Lazzaro Spallanzani a Italiya ya lura jemage ba ya buƙatar ido don ya kauce wa cikas, amma ba a ji kukan ba sai 1938, da Donald Griffin ya kai jemagu gaban na'urar G. W. Pierce a Jami'ar Harvard. Ka rubuto mini abin da ka gani, Allah ya ba da sa'a.

TAMBAYA: Malam barka da aiki. Ni ma'aikaciyar jinya ce, ina taimakawa a ɗakin sikanin na masu juna biyu. Na ji an ce nan gaba da haske za a riƙa yi, ba sai an shafa wa mace man nan mai sanyi ba. Gaskiya ne? Daga wata 'yar'uwa a Maraɗi.

AMSA: Barka kadai Malama, Allah ya saka muku da alheri kan wannan hidima. Man da kuke shafawa yana da dalili mai ƙarfi. Sauti ba ya son tsallaka iyaka tsakanin abu mai nauyi da marar nauyi. Tsakanin iska da jikin mutum, wajen kashi 99.9 cikin 100 na ƙarfinsa komawa baya yake yi. Ko siririyar iska ce ta rage tsakanin kan na'ura da fata, hoto ya lalace, man kuwa korar iskar yake yi. Haka ake yi tun zamanin Ian Donald, likitan Gilasgo da ya wallafa aikinsa a 1958.

Abin da kika ji yana da tushe. A ƙarshen 2019 wasu masu bincike a jami'ar MIT ta Amurka suka nuna hoton cikin hannun mutum da aka ɗauka ba tare da an taɓa shi ba. Lesa ɗaya tana ƙifta wa fata haske, ruwan da ke cikin fatar ya ɗan ɗumama ya kumbura na ɗan lokaci, wannan kumburin ya zama sauti ya nutsa ciki. Lesa ta biyu tana kallon fatar tana auna rawar da amsa-kuwar ta jawo. Fatar ce ta zama tantani. Sun ga tsoka da ƙashi zuwa zurfin wajen santimita 6. Matsalarsu irin ta ɗalibin da ke sama ce: fata ba madubi ba ce, tana watsa haske ko'ina, kaɗan ne ke dawowa, kuma ba a isa a ƙara ƙarfin lesa yadda aka ga dama a jikin mutum ba. Hoton bai kai na na'urarku kyau ba, jariri kuma ya fi wannan zurfi. Inda nake sa ran zai fara amfani shi ne masu ƙuna da jarirai bakwaini, waɗanda taɓa fatarsu ma wahala ce. Ɗakinku kuwa zai daɗe yana amfani da man nan. Ki dai riƙa ɗumama kwalbar a tafin hannu kafin ki shafa, musamman da sanyin hunturu.

TAMBAYA: Malam, wai da gaske ana iya haska tagar mutum daga nesa a ji abin da ake faɗa a cikin ɗaki? Daga wani ɗan kasuwa a Kumasi.

AMSA: Da gaske ne Alhaji, kuma dabarar ta girmi lesa. A shekarun 1940 Leon Theremin ya ƙera wa hukumar leƙen asirin Tarayyar Sobiyet wata na'ura mai suna Buran, tana haska gilashin taga da hasken da ido ba ya gani tana karanta rawarsa. Gilashin ne ke zama tantani, maganar mutane kuma ba ta da saurin da zai gagare shi. Sai dai aikin yana da wuya ƙwarai. Dole mai yi ya tsaya inda hasken zai dawo masa, iska tana kaɗa gilashin, kowace mota da ta wuce tana girgiza shi, zafin rana yana karkatar da hasken a hanya. A tsakiyar kasuwa mai janareta ta ko'ina, abin da zai samu yawanci gurnani ne. In maganar mai nauyi ce, ku shiga ɗakin da tagarsa ba ta kallon titi, ku kunna rediyo kusa da gilashin, wayoyinku kuma ku bar su a wani ɗaki, domin kowacce tana ɗauke da makirufo a cikinta.